Siraj ɗin Cherry Blossom: wata biyar ina goga shi cikin ƙurar Maradi

Kado anka kawo min shi, ba saye na yi ba, gara in faɗa tun da fari kar wani ya tambaye ni wace butik ke saida shi cikin gari. Ɗan wana da ke aikin jinya a Ingila ya zo ganin gida watan Disamba, kowa ya samu rabonshi, uwargida turare, yara cakulan da riguna, ni kuwa da anka zo kaina sai ya zaro wasu ƴan gwangwanaye biyu daga ƙasan sak ya miƙo min, ɗaya baƙi ɗaya ruwan ƙasa. Man takalmi. Wallahi raina ya ɗan sosu, na ce a zuci yanzu yaron ga jirgi biyu ya hau, ya sauka Yamai, ya yini cikin bis har Maradi, abin da ya tuna ni da shi ke nan? Kamar ya ji ni sai ya ce, Baba ai tun ina ƙarami ban taɓa ganin ka hita lakwal da takalmi mai ƙura ba, shi ya sa da na gan shi kai ka faɗo min a rai. To ka ji, ya kashe bakina.

Kuma gaskiya ya faɗi. Shekara 22 ina riƙe da alli, albashin mushe kowa ya san shi, ba ya kai ka ga sabon takalmi duk shekara, don haka wanda gare ka shi za ka riƙa lallaɓawa. Sau-ciki biyu gare ni, baƙi da na sayo a Katsina shekara shida da sunka wuce, da wani ruwan ƙasa na bosho wanda ban san shekarunshi ba amma fatar ta kirki ce. Su biyun ga su ne na gwada man a kansu, daga tsakiyar hunturu zuwa wanga zafin na watan Mayu da ko ƙadangare ke neman inuwa.

Mu nan duk wani man takalmi kiwi muke ce mishi ko siraj, yadda duk garin sabulu ya zama omo, duk ɗanɗanon miya ya zama magi. Ni kaina da na buɗe gwangwanin cewa na yi kiwin Ingila ne anka kawo min. Ashe Kiwi ɗin da munka sani ma ba na Ingila ba ne, ɗan Ostireliya ne, wani William Ramsay ya fara yin shi a Melbon cikin 1906, ya raɗa mishi sunan tsuntsun nan na Niyu Zilan don matarshi ƴar can ce. Abin mamaki shi ma Cherry Blossom a 1906 ɗin ya hito a Landan. Sa'annin juna ne ke nan, ɗaya dai ya samu hanyar zuwa kasuwanninmu, ɗayan kuwa sai a Ingila da Indiya ya yi suna.

Abu na farko da na lura da shi ƙamshi. Warin siraj ne dai kamar kowane, amma ba ya hawa kai, ba irin wanda in ka buɗe cikin ɗaki uwargida za ta ce ka hita da shi waje ba. Na biyu laushi, ka sa yatsa da tsumma ka ɗan murza sai ya biyo ka, ba ka buƙatar kankara shi. Baƙin kuma baƙi ne wuluk, ba mai shuɗi-shuɗi ba.

Ranar farko ni na ɓata abina da hannuna. Zumuɗi ya ɗebe ni, na ɗebo da yawa na laɓta ma baƙin takalmin kamar mai yaɓen ɗaki, na bi da buros, ya yi sheƙi kam ba laifi, na hau moto ina jin kaina. Kun san layukan unguwar Zariya, rairayi ne har idon sawu kafin ka kai kwalta, ga hazo ya sauko ranar ko bedin ƙofar lakwal ba ka hange daga nesa. Ina sauka na dubi ƙafata, takalmin ya koma kamar tsire da anka barbaɗa ma ƙuli. Ƴan aji shida na ƙunshe dariya. Na dawo gida ina cewa kayan Turawa dai ba don ƙasarmu anka yi su ba, su ruwan sama da taɓo ne damuwarsu, mu ƙura.

Wanda ya warware min wani dattijo ne mai siraj da ke zama gindin bedi kusa da babbar kasuwa, da ƴar akwatinshi ta katako da ya ke bugawa da buros ƙwas ƙwas in ya ga mai sau-ciki zai wuce. Na daɗe ina kai mishi ɗinki in takalmi ya buɗe baki, Baba kawai nake ce mishi. Na kai mishi gwangwanin ina ƙorafi, ya karɓa ya buɗe, ya shinshina, ya lakato ɗan kaɗan ya murza tsakanin yatsu biyu ya yi shiru, can ya ce Mushe wanga na da kaki, mai ne na gaske, kai ne ba ka iya ba. Haka ɗai, ba ko sakayawa.

Ya ce in tuɓe in sa silifas ɗin da ya ke aje ma masu jira. Da fari ya kakkaɓe ƙurar tas da busasshen buros, har cikin ɗinkin gefe, ya ce wanda ya shafa mai bisa ƙura kunu ya dama. Ya goge tulin da na laɓta da tsumma mai ɗan damshi. Sannan ya naɗa wani tsohon ƙyallen singileti a yatsa, ya taɓa man taɓawa ɗaya, wallahi abin da ya ɗauka bai kai ƙwayar gero uku ba, ya shiga zagayawa da shi a hankali a hankali. Ya aje takalmin a inuwa munka sha shayi munka yi hirar tsadar masara, sai da ya sha iska kamar minti goma sannan ya bi shi da buros mai laushi da sauri. Daga ƙarshe ya ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a bakin takalmin, ya ƙara taɓa man, ya yi ta murzawa har na fara ganin ganyen bedi a ciki. Dala ashirin ya karɓa. Na koma ta layin rairayin nan dai, ƙura ta hau mana, Maradi ce, amma da na sa hankici na share sau ɗaya sai ta sauka duka, sheƙin na nan ƙasa bai tahi ko'ina ba.

Daga baya na gane dalilin, kuma ba wani sihiri ba ne. Siraj irin na gwangwani abu uku ne anka haɗa, kaki, da wani ruwa mai tashi a iska dangin kananzir wanda ke narkar da kakin ya sa shi laushi, sai launi. Kakin akwai na zuma, akwai wanda ake samu daga man fetur, akwai kuma wani mai tauri da ake kankarowa daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Barazil, shi ne ke bada sheƙin nan mai kama da madubi. In ka shafa siriri, ruwan ya tashi ya bar kaki busasshe wanda ƙura ba ta kama shi sosai. In ka laɓta, sama ta bushe ƙasa na nan danƙo, duk abin da iska ta kwaso sai ya manne. Tun da na koma yin yadda Baba ya nuna min, sau biyu a sati nake shafawa, Lahadi da dare da Laraba, sauran ranaku buros kawai da tsumma, kuma baƙin takalmin nan da ya fara tsattsagewa wajen lanƙwasar yatsu ya yi laushi, tsagar ba ta ɓace ba amma ba ta ƙaru ba.

Baba ne ma ya ja ni cikin tarihin abin, don tambayata ya yi wai shi Ceri ɗin nan shi ne mai kamfanin? Na ce a'a, sunan furen wata itaciya ce ta ƙasashen sanyi, ƴaƴanta jajaye ƙanana kamar manyan magarya. To su wa sunka yi shi? Nan na tsaya, sai da na koma gida na bi diddigi. Wasu ƴan'uwa biyu ne, Dan Mason da Charles Mason, kuma in kun ji Dan Mason kar ku ce ɗan maso ne mai gini, ko da yake sunan nasu da Turanci ma'anarshi ke nan, magini. Su sana'arsu sabulu ce, suna da masana'anta a wata unguwa ta yammacin Landan da ake ce ma Cizik, bakin kogin Tems. Zamanin nan baƙin da ake shafa ma takalmi haɗi ne na kitse da baƙin hayaƙin fitila da su sukari, shina baƙanta takalmi amma shina baƙanta ƙafar wando da bakin riga ma. Labarin da kamfanin ke badawa shi ne wanga ɓata tufafin ne ya ishe su, sunka nemi mai haɗa magunguna ya haɗa musu wanda zai zauna bisa fata ba ya bin tufa. Sunka sa shi kasuwa a 1906, gwangwani ɗaya kwabo ɗaya.

Wanga batun na ɓata tufa shi na fi gwadawa, don ya taɓa cina. Bara na sayi wani siraj na dala hamsin wajen masu tebur, ba zan faɗi suna ba don ban ma tabbata sunan da ke jikin gwangwanin nashi ne ba, warinshi kamar ka buɗe jarkar kananzir. Na shafa ranar Juma'a na sa farar shadda ta, kafin a sauko daga masallaci bakin wandon ya yi baƙi zagaye kamar an ja mishi layi da gawayi, uwargida ta wanke har sau uku da bula bai hita duka ba, har yau in ta ga shaddar sai ta tuna min. Saboda haka da gangan na sa wani farin yadi da wanga na Cherry Blossom, na yini da shi, biki ma na je Tibiri a kan moto na dawo. Bakin wando ƙura ce kawai ja, babu baƙi ko ɗis. A nan dai ƴaƴan Mason sun cika alkawarin da sunka ɗauka shekara ɗari da ashirin baya.

Mutanen kuma sun iya talla, abin har dariya ya ba ni. A 1911 sunka kama babban wurin baje kolin nan na Landan, Kiristal Falas, na yini guda cur, sunka ce kowa ya shiga kyauta in dai ya nuna marfin gwangwanin Cherry Blossom a ƙofa. Ku duba dabara, kwabo ɗaya ka samu man takalmi ka samu tikiti. Jama'a sunka yi ca har hanyoyi sunka cushe. Ƴan ƙwallo, e, Kiristal Falas ɗin da kuke gani a gidan kallo daga wanga ginin na gilashi ta samo suna, ginin kanshi gobara ta cinye shi a 1936. Na ce da Alhazan Maradi sun ji wanga da tuni an yi kokowa a filin kokowa ana shiga da ledar shayi.

Sauran tarihin na saye da haɗewa ne irin na kamfanoni, ba zan daɗe a kai ba. A 1913 sunka haɗa hannu da gidan Reckitt, su ne masu Dettol ɗin da ke cikin kowane gidan mai jego. A 1929 anka haɗe su da wani kamfanin siraj mai suna Nugget, a 1954 gidan Reckitt ya haɗiye su gaba ɗaya, daga baya anka tashi masana'antar daga Cizik anka maida aikin garin Hul. A 1994 wani kamfani Grangers ya sayi sunan a Ingila, anka koma yin shi a garin Alfireton. Na Indiya kuwa har yau hannun Reckitt ya ke, don haka in wani ya kawo muku daga Dubai ko Indiya kuka ga gwangwanin ya bambanta da nawa, ba lalle jabu ba ne. Abu ɗaya da ya tsaya min a rai, tun 1918 masu kamfanin sunka maida ma'aikatansu aikin kwana biyar a sati, lokacin da ko a Ingila Asabar ranar aiki ce ga talaka. Mai yin man takalmi ya huta Asabar da Lahadi tun kakana na yaro, Baba mai shafa shi kuwa yau ko Juma'a sai an kusa kiran salla ya ke rufe akwati.

Ina cikin karanta shekarun nan sai wani tunani ya zo min. 1911 ɗin da suke rabon shiga kallo da marfin gwangwani, ita ce shekarar da dogo ya iso Kano, kuma ta nan fatun ƙasar ga sunka riƙa bi zuwa teku. Jar akuyarmu ta Maradi da ƴar'uwarta ta Sakkwato ai fatarsu ta daɗe da sanin Turai, tun ana ɗora ta bisa raƙuma a ƙetare sahara, Turawa na saye a bakin teku suna ce mata fatar Maroko alhali majemanmu ne sunka jeme ta da bagaruwa. Ita tana da laushi da ƙarfi, shi ya sa ake bangon littafi da safar hannu da takalma masu tsada da ita. To wa ya sani, ƙila wani Bature a Landan ya shafa Cherry Blossom na kwabo ɗaya bisa fatar akuyar da anka yanka ranar suna a Madarunfa. Na faɗa ma Baba haka ya yi dariya har da tari, ya ce to ai gida man ya zo.

Amma da na ce zan shafa ruwan ƙasan a takalmin dukawa da nake sawa in na tashi aiki, irin jan nan mai zane, hana ni ya yi. Ya ce wagga fata ba a rufe mata fuska ba kamar ta sau-ciki, shanye man za ta yi ta yi dabbare-dabbare, jan ya mutu, zanen ya toshe. Ita ɗan mai kawai take so a tsumma, jefi-jefi. Na bi maganarshi. Haka kambas da takalman roba, kar ma ku fara, asarar mai ce.

Sai batun zafi, shi ma ni na jawo. Cikin Afrilu na mance baƙin gwangwanin cikin ledar da ke rataye a moto, moton kuma ta yini a rana tsakar lakwal, zafin ranar ya haura 40 nesa ba kusa ba. Da na buɗe ya zama miya, ya gangara gefe ɗaya, saura kaɗan ya zubo min a wando. Kaki ne, dole ya narke. Na rufe na kai shi gindin randa bisa rairayin nan mai sanyi, da sahe ya daskare ya koma yadda ya ke sai dai a karkace, kuma aikinshi bai canza ba. Tun ranar can ne mazauninshi, uwargida ta gaji da magana ta ƙyale. Ku dai riƙa danne marfin da kyau, in iskar hunturu ta samu hanya ruwan cikin zai tashi, ku iske man ya tsage ya ja jiki kamar ƙasan tabki a bazara.

To ya fi Kiwi na gaske? Ni dai a ƙafata kusan kunnen doki ne, wanga ya ɗan fi laushi wajen shafawa kuma ƙamshinshi ya fi min daɗi, sheƙi kuwa hannun mai gogawa ne ke raba su. Wanda ya yi ma fintinkau shi ne na teburin nan maras asali. In kana da wani a Ingila ka ce ya saƙo maka biyu cikin kaya, ba nauyi gare su ba, kuma ga wanda ya iya shafawa gwangwani ɗaya zai kai shi rabin shekara. In ba ka da kowa kar ka tada hankalinka, na zaga butik-butik na babbar kasuwa da na hanyar tasha ban gan shi ba, na sa wani direba ya duba min a Katsina shi ma bai samu ba.

Ɗan wan nawa ya ce can ma masu goge takalmi sun ragu ƙwarai, kowa ya koma kambas har masu zuwa ofis, shi ya sa ma masu Kiwi sunka daina saida shi a Ingila ƴan shekarun nan, filin ya zama na Cherry Blossom. Baba bai yi mamaki ba da na ba shi labari. Ya ce nan ma haka ne Mushe, da kafin azahar na goge ƙafa talatin, yanzu in ba jandarma ko ɗan duwan ko ƴan banki ko ku malamai ba, wa ke sa fata? Samari duk roba, su wanke da omo su shanya.

Baƙin yanzu ya fara nuna gindi, auta ta riga ta yi kamun gwangwanin wai za ta zuba ƴan kunnenta, yayanta kuma marfin ya ke so ya yi tayar mota. Ruwan ƙasan ko rabi ban ci ba, tun da takalmin boshon sai Juma'a nake sa shi, shi ya sa satin da ya wuce na kai ma Baba shi munka yi ciniki, ya riƙe ya yi ma manyan kwastomominshi aiki da shi, ni kuma duk Litinin da sahe ya goge min baƙin kyauta har ranar da gwangwanin ya ƙare. Ya sa shi can ƙasan akwati ƙarƙashin tsummoki, ya ce ba kowace ƙafa za ta gan shi ba. Yaron kuma na aika mishi saƙo ta WhatsApp, na ce in Allah ya kawo shi Disamba baƙi biyu nake so, turaren uwargida kuma ya san ta kanshi.